Yadda Za Ka Haɗa Rumbun Fina-finai a Gida, Kowa Ya Kalla a Talabijin ko Wayarsa Ba Tare da Cin Data Ba

A gidan da yake da yawan jama'a, fim ɗaya sai a sauke shi sau uku ko huɗu. Yaya ya sauke a wayarsa, ƙanwa ta kai memori wajen masu turi ta biya a zuba mata, uwargida ta ce a tura mata ta Xender, gobe waya ta cika a goge, jibi a koma neman abin da aka goge. Bidiyon bikin da aka biya mai ɗauka kuɗi masu kauri kuwa yana cikin wani filash da ba wanda ya tuna inda aka jefa shi. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan ɓarnar ta ƙara ciwo. Kallo kai tsaye ta intanet ma ba sauƙi ba ne: a lissafin Netflix da kanta, awa ɗaya na hoto mai kyau irin HD tana iya cin gigabait 3.

Maganin shi ne fim ya shigo gida sau ɗaya, ya zauna wuri ɗaya, kowa ya riƙa kallo daga can. Kwamfuta guda za ta riƙe fina-finan, ita ce uwar garke. Rauta za ta haɗa ta da talabijin da wayoyin gidan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, rauta tana iya haɗa na'urorin cikin gida da junansu ko da babu ko kobo na data a layinta. Fim ɗin daga ɗakinka zai taso ya je falo, bai fita waje ba, don haka ba abin da kamfanin waya zai cire maka.

Kafin ka kashe kuɗi

Idan talabijin ɗaya ce a gidan kuma duk a falo ake taruwa a yi kallo, ba ka bukatar komai daga cikin abin da zai biyo baya. Zuba fina-finai a filash, soka a bayan talabijin, shi ke nan. Abu ɗaya kawai za ka kula da shi: filash da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4. Idan ka ga kwamfuta tana cewa fayil ya yi girma alhali akwai sarari, matsalar ke nan. A sake tsara filash ɗin zuwa exFAT ko NTFS, bayan an kwashe abin da ke ciki domin komai zai goge. Wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta exFAT, sai ka gwada NTFS.

Wannan jagorar ta gidan da ake rigimar rimot ce, inda Baba ke son wa'azi, yara na son katun, 'yan mata na son cigaban shirin da suka tsaya jiya, kuma duk a lokaci guda.

Kayan da za ka tara

Na farko kwamfuta. Tsohuwar laftof da ke kwance a ƙarƙashin gado ta wadatar, ko da madannanta sun fara mutuwa ko gilashinta ya tsage, muddin tana kamawa kuma tana da ram gigabait 4 zuwa sama. A ganina laftof ta fi kwamfutar tebur dacewa da mu nesa ba kusa ba, saboda batirinta. Idan Nepa ta ɗauke wuta ba za ta mutu nan take ba, kuma mutuwar ba-zata ita ce babbar mai lalata rumbun ajiya. Wutar da take ci kuma ba ta kai ta fankar sama ba, ƙaramar sola ma za ta riƙe ta. Masu sha'awar kayan zamani suna amfani da Raspberry Pi ko ƙananan kwamfutoci masu Intel N100, suna da kyau, amma kada ka saya sai ka gwada da abin da ke hannunka ka ga iyalinka suna amfani da abin da gaske.

Na biyu wurin ajiya. Rumbun ajiya na waje mai terabait 1, wanda ake sokawa ta USB, zai ɗauki fim sama da 450 idan kowane ɗaya gigabait 2 ne. Ba sai ka fara da shi ba, sararin cikin laftof ɗin ma zai yi a farko.

Na uku rauta. Wadda kake da ita ta MTN ko Airtel ko wani kamfani za ta yi. Ƙaramar MiFi ta aljihu ita ma tana aiki, sai dai ba ta ɗaukar na'urori da yawa, ƙarfinta ba ya tsallake bango biyu, kuma duk ranar da mai ita ya saka ta a aljihu ya fita, gidan ya zauna ba kallo. Rauta mai zama wuri ɗaya, mai ramin kebul a bayanta, ita ce ta dace.

Na huɗu na'urar da za ta kai hoton talabijin. Idan talabijin ɗinka mai Android TV ce ko Google TV, ka huta. Idan ba haka ba sai ka nemi ƙaramar na'ura da ake sokawa a ramin HDMI: Fire TV Stick na Amazon, akwatin Xiaomi, ko Chromecast mai rimot da Google ta fitar a 2020. Google ta daina ƙera Chromecast a 2024 ta maye gurbinsa da Google TV Streamer, amma waɗanda ke kasuwa suna aiki lafiya. A Kano za ka samu irin waɗannan a Farm Centre, a Abuja a Banex.

A nan sai ka buɗe ido. Akwai akwatuna marasa suna masu arha, da ake tallarsu da cewa an cika su da tashoshi kyauta. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0 da ake samu a irin waɗannan na'urori, wasu tun daga masana'anta, tana amfani da intanet ɗin gidan mutum ba da saninsa ba. Ko ba don tsoron kutse ba, wannan data ɗinka ce ake sha. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya kunna na'urar a gabanka, ya buɗe kantin manhajojinta, ya rubuta Jellyfin, sunan manhajar da za mu yi amfani da ita. Idan ta fito kuma ta sauka daga kantin na asali, to. Idan ya fara cewa ai shi zai zuba maka ta filash, ka duba shagon gaba.

Jellyfin ko Plex

Manhajar da za ta mayar da laftof uwar garke ita ce zuciyar aikin, kuma biyu ne suka fi shahara. Plex ta fi daɗewa, fuskarta ta fi kyau, kuma tana kan kusan kowace talabijin. Amma tana bukatar ka buɗe asusu a wajen kamfanin, tana son ta riƙa tantance ka ta intanet, kuma tun 29 ga Afrilun 2025 sai an biya kuɗi kafin a kalli fina-finan gida daga wajen gida. Jellyfin kuwa, wadda ta ɓalle daga Emby a ƙarshen 2018, kyauta ce gaba ɗaya, masu sa kai ne ke gina ta, kuma asusun kowa a cikin laftof ɗinka yake zaune. Ranar da data ta ƙare, Jellyfin ba ta ma san an yi ba. Saboda wannan dalili ɗaya na zaɓe ta, kuma a kanta sauran bayanin zai tafi.

Mataki na 1: Shirya folda da sunaye

Kada ka taɓa manhaja tukuna. Wannan matakin shi ne mai cin rai, kuma shi ne ke raba rumbun da ake jin daɗinsa da tarin shara.

Buɗe babbar folda guda, sa mata suna Kallo. A cikinta buɗe ƙanana bisa ga mutanen gidanka, ba bisa ga tsarin wani ba. Misali: Fina-finan Hausa, Fina-finan Indiya, Masu Dogon Zango, Na Yara, Wa'azi da Karatu, Bukukuwan Gida. Dalilin raba su zai fito fili idan muka zo kan asusun yara, don haka kada ka yi ƙyuya ka zuba komai wuri guda.

Jellyfin da suna take gane fim. Fayil ɗin da ya zo daga wajen masu turi yakan zo da suna irin "VID_0034 new new 2.mp4", ita kuwa ba ta duba, ba za ta san ko mene ne ba. Tsarin da take so shi ne kowane fim ya samu foldarsa, da sunan fim da shekarar fitowarsa a cikin baka, fayil ɗin ciki ma ya ɗauki wannan sunan daidai. Ga masu dogon zango, foldar shirin, a cikinta foldar "Season 01", a cikinta kuma kowane kashi da lambarsa: sunan shirin sannan S01E01, S01E02, haka har ƙarshe. 

Idan sunan ya yi daidai, manhajar za ta leƙa wani kundi na intanet mai suna TMDB ta ɗauko hoton fim, taƙaitaccen labari da sunayen 'yan wasa. Ga fina-finan Indiya da na Amurka wannan yana tafiya sumul. Ga na Kannywood kuwa, da yawansu ba su cikin kundin, kuma abin dariyar shi ne manhajar ba ta son ta ce ba ta sani ba. Sai ta laluba ta manna wa fim ɗin Hausa hoton wani fim na wata ƙasa mai kama da sunansa, wani lokacin hoton da ba za ka so surukarka ta gani a falo ba. Hanyar kauce wa wannan mai sauƙi ce: nemi hoton fim ɗin, ko ka ɗauki hoto daga cikinsa, ka sa masa suna poster.jpg, ka ajiye a foldar fim ɗin. Jellyfin za ta yi amfani da shi. Idan ta riga ta manna kuskure, danna ɗigo ukun da ke jikin fim ɗin, zaɓi "Identify" ka nuna mata na gaskiya, ko "Edit metadata" ka rubuta da hannunka sannan ka kulle don kada ta sake canzawa.

Bidiyon gida ba ruwansu da wannan kundi. Sa musu suna da shekara a gaba, sannan wata, sannan abin da ya faru: "2021-12 Kamu", "2021-12 Ɗaurin aure", "2023-04 Hawan Sallah", "2024-08 Saukar karatu". Da kansu za su jeru bisa tarihi. Bayan shekara goma, wanda bai ma san an yi bikin ba zai iya nemo shi.

Fassarar rubutu da ke fita a ƙasan hoto, wato fayil mai ƙarewa da .srt, a ajiye ta kusa da fim da suna iri ɗaya. Idan ta Hausa ce a ƙara .ha kafin .srt, ta Turanci .en, ta Larabci .ar.

Idan rumbun waje kake amfani da shi a Windows, buɗe "Disk Management" ka ba shi harafi na dindindin daga can ƙasa, kamar M. In ba haka ba, ranar da wani ya soka filash kafin shi, Windows za ta canza masa harafi, Jellyfin ta nemi fina-finai ta rasa.

Mataki na 2: Girka manhajar

Wannan ne wurin da za ka ɗan kashe data. Je jellyfin.org, sauke ta Windows, girka kamar kowace manhaja. Idan Windows ta tambaya ko a bar ta ta yi magana da sauran na'urori, ka amince. Sannan ka duba saitin WiFi na laftof ka tabbatar an sa hanyar gidan a matsayin "Private", domin idan tana "Public" Windows na iya toshe ƙofa, waya ta yi ta nema ba ta gani.

Buɗe burauza a laftof ɗin ka rubuta localhost:8096. Shafin farko zai tambaye ka harshe, sannan sunan shugaba da kalmar sirri. Wannan asusun naka ne kai kaɗai, kada ka saka shi a talabijin ɗin falo, domin mai shi yana iya goge komai. Daga nan sai ƙara ɗakunan ajiya, abin da take kira "Library". Kowace folda ɗaki guda: fina-finai a zaɓa musu "Movies", masu dogon zango "Shows", bukukuwa da wa'azi "Home Videos and Photos", wanda ba ya zuwa intanet neman hoto. Ka bar ta da intanet na ɗan lokaci ta gama ɗauko hotuna, daga nan ta ajiye su a wajenta.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa. Shiga "Power Options" na Windows, ka hana laftof barci idan tana jikin wuta, ka kuma sa kada ta yi komai idan an rufe murfinta. In ba haka ba, ana tsakiyar kallo hoto zai daskare, a yi ta zagin rauta alhali laftof ce ta yi barci.

Mataki na 3: Ba laftof adireshi na dindindin

Kowace na'ura a kan rauta tana da lamba, kuma rauta tana iya canza ta duk lokacin da aka kashe aka kunna. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, wannan yana nufin talabijin za ta riƙa ɓatan hanya kullum. Buɗe "Command Prompt", rubuta ipconfig, duba layin IPv4. Za ka ga lamba kamar 192.168.0.105 ko 192.168.8.102. Shiga shafin rautarka, adireshinsa da kalmar sirrinsa yawanci suna manne a ƙasanta, nemi sashen DHCP inda ake keɓe lamba, ka ɗaure wannan lambar da laftof ɗin. Rubuta ta a takarda ka manna a jikin laftof.

Idan da hali, haɗa laftof da rauta ta kebul maimakon WiFi. Kebul na mita ɗaya ko biyu ba shi da tsada, kuma yana rage wa iskar gidan rabin lodi.

Mataki na 4: Talabijin da wayoyi

Sauke Jellyfin daga kantin manhajoji na na'urar talabijin. Da ka buɗe, sau da yawa da kanta za ta hango uwar garken. Idan ba ta gani ba, rubuta lambar nan ka ƙara :8096 a ƙarshe. Haka za ka yi a kowace waya, Android ko iPhone. Wanda wayarsa ta cika ma yana iya rubuta adireshin a Chrome ya kalla ba tare da ya sauke komai ba.

Rubuta kalmar sirri da rimot azaba ce, don haka akwai "Quick Connect". Talabijin za ta nuna lamba 6, sai mai asusun ya buɗe Jellyfin a wayarsa, ya shiga saitinsa, ya rubuta lambar, talabijin ta buɗe.

Ga wasu abubuwa biyu da ke faruwa ranar da data ta ƙare. Wayar Android idan ta ga WiFi ba intanet, takan zame ta koma kan datar layi a ɓoye, sai Jellyfin ta ce ba ta ga uwar garke ba. A kashe datar wayar, ko a amsa mata cewa ta zauna a kan WiFi ɗin. Fire TV kuma shafinta na farko yakan ƙi buɗewa idan ba intanet. A bi ta "Settings", a shiga "Applications", a zaɓi "Manage Installed Applications", a buɗe Jellyfin daga can.

Mataki na 5: Kowa da asusunsa

Jarabar da ke kama mutum ita ce ya buɗe asusu ɗaya ya ce kowa ya shiga. Kada ka yi. Jellyfin tana tuna inda kowane asusu ya tsaya a fim, da kashin da ya kalla da wanda bai kalla ba. Idan asusu ɗaya ne, Anti za ta dawo daga kicin ta tarar an kai ta kashi na 14 alhali a na 9 ta tsaya.

Shiga "Dashboard", sannan "Users", ka ƙara mutum ɗaya-ɗaya. A kowane asusu ka tabbatar ba a ba shi ikon shugabanci ba, kuma ba a ba shi ikon goge fim ba. Wannan na biyun ka duba shi sau biyu, domin gogewar Jellyfin ta gaske ce, fayil ɗin take cirewa daga rumbu. Ikon saukewa a waya kuwa yana da amfani ga manya: mai tafiya Kaduna ko Zinder gobe zai iya zuba fim biyu a wayarsa daga WiFi na gida kafin ya kama hanya.

Asusun yara shi ne inda raba folda zai biya ka. Manhajar tana da sashen "Parental Control" da ke tace fim bisa ga shekarun da aka ƙayyade masa, amma tana dogara ne da bayanin da ta samo a intanet, kuma yawancin fina-finanmu ba su da wannan bayani a can. Ko waɗanda ke da shi, ma'aunin wata ƙasa ne, abin da suka ce ya dace da ɗan shekara 13 ba lallai ya dace da tarbiyyar gidanka ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ta sashen "Access": cire alamar da ta ba shi dukkan ɗakuna, ka zaɓa masa Na Yara, Wa'azi da Karatu, da Bukukuwan Gida kawai. Sauran ɗakunan ko sunansu ba zai gani ba. Kai kuma kada wani abu ya shiga foldar yara sai wani babba ya kalle shi. A sashen "Parental Control" ɗin dai akwai jadawalin lokaci, inda za ka sa asusun ya buɗe daga bayan Islamiyya zuwa Magariba a ranakun makaranta, ya ɗan ƙara tsawo Asabar da Lahadi. Lokaci na cika zai rufe, ba sai an yi ta jan kunne ba.

Duk wannan aikin banza ne idan asusun manya a buɗe yake a talabijin ɗin falo. Yaron yanzu kafin ka ƙifta ido ya gano yadda ake sauya asusu. Kowane babba ya sa kalmar sirri, kuma a saita manhajar talabijin ta riƙa buɗewa da asusun da kowa zai iya gani.

Ga Hajiya Kaka ko Baba tsoho, akasin haka za ka yi: asusu mai ɗaki ɗaya ko biyu, ba tarkace. Idan ta danna ta ga tafsiri da bidiyon jikokinta kaɗai, za ta koyi rimot ɗin a yini guda.

Idan hoto yana tsinkewa

Fim mai gigabait 2 na awa biyu bai wuce megabit 2 da 'yan kai a daƙiƙa ba, abin da kowace rauta za ta ɗauka wa mutum huɗu ko biyar a tare. Don haka idan yana tsayawa, ɗayan biyu ne.

Ko dai nisa da bango. Gidajenmu na bulo da siminti, wasu da ɗakuna a zagaye da tsakar gida, suna cinye ƙarfin WiFi. Ɗora rauta a sama, a tsakiyar gida, ba a ƙasan gado ko bayan talabijin ba. Idan tana da zango biyu, 5 GHz ya fi gudu amma ba ya nisa, 2.4 GHz ya fi ratsa bango. Talabijin ɗin kusa ta hau na farko, ɗakunan nesa su hau na biyu.

Ko kuma nau'in fayil ɗin. Idan na'urar kallo ta san nau'in, laftof miƙa shi kawai take yi, ba wahala. Idan ba ta san shi ba, dole laftof ta riƙa juya shi zuwa wani nau'i ana cikin kallo, kuma tsohuwar laftof ba ta da wannan ƙarfin. Za ka ji fankarta na kuka, hoto na tafiya yana tsayawa. Duba "Dashboard" lokacin da ake kallo: idan ka ga "Direct playing" lafiya lau, idan "Transcoding" ne ga mai laifin nan. Nau'in da kusan kowace na'ura ta sani shi ne H.264 a cikin MP4. Wanda ke yawan kawo matsala a tsofaffin na'urori shi ne H.265, da ake kira HEVC, kuma da shi iPhone ke ɗaukar bidiyo tun 2017, don haka bidiyon biki da aka ɗauka da ita yakan faɗa wannan rami. Sauke HandBrake, manhajar juya bidiyo, ita ma kyauta ce, jefa mata fayil ɗin, zaɓi "Fast 720p30" ko "Fast 1080p30", ka bar ta ta kwana tana aiki. Sau ɗaya ake yi. Ga bidiyon gida, ka ajiye na asalin a gefe, kada ka goge shi.

Wuta, zafi da ƙura

Rauta ce ke fara mutuwa idan an ɗauke wuta. Akwai ƙaramin batir na rauta da ake sayarwa, mai ba da 12V ko 9V, yana riƙe ta awanni. Duba abin da aka rubuta a cajar rautarka kafin ka saya. Da shi da batirin laftof, masu kallo a waya ba za su ma san an ɗauke ba.

Laftof kuma a ɗora ta a kan abu mai tauri inda iska ke ratsawa, ba a kan katifa ko kafet ba, musamman a zafin Maris zuwa Mayu. Bayan hunturu a sa mai gyara ya hure mata ƙura. Idan ka ga batirinta ya fara kumbura yana ɗaga madannai, a cire shi nan take. Ba dole ba ne ta kwana a kunne, ana iya kunna ta da La'asar a kashe ta idan an tashi kwanciya.

'Yan uwa na nesa

Ɗan'uwa a Legas ko Jidda zai ce shi ma a saka shi. Yana yiwuwa, amma a nan kyautar ta ƙare: fim zai fita ta datarka ya shiga ta tasa, ku biyu kuna biya. Buɗe ƙofa a rauta, da wasu ke koyarwa, yawanci ba ya aiki a layukan waya saboda kamfani yana haɗa masu amfani da yawa a adireshi ɗaya, kuma ko yana aiki ban ba ka shawara ba, ƙofa ce ka buɗe wa duniya. Hanya mafi aminci ita ce wata manhaja mai suna Tailscale: ka saka ta a laftof, shi ma ya saka a na'urarsa, ka gayyace shi, sai ya shiga kamar yana cikin gida. A asusunsa na Jellyfin ka ƙayyade masa gudu, megabit 2 ko 3, don kada ya ƙarar maka da data a dare ɗaya. Don ya ga bidiyon sunan da bai samu halarta ba, abin ya cancanta. Don kallon yau da kullum, gara idan ya zo gida ya cika wayarsa.

Abin da za a zuba a ciki

Fim ɗin da ka sauke a cikin manhajar Netflix ko YouTube a kulle yake a cikinta, ba zai kwafu zuwa rumbunka ba. Abin da ya dace da rumbun gida shi ne bidiyon da kuka ɗauka da kanku, tsofaffin faya-fayan CD da DVD da kuka saya kafin su karce, karatuttukan da masu su suka ba da izinin yaɗawa, da fim ɗin da aka saya ta hanyar da mai shi ya yarda. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, kuma ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet. Ko ba doka, kowa ya san yadda satar fasaha ta kashe kasuwar faifai a Kano har masu shirya fim suka koma YouTube. Shirin da ke fita duk mako a tashar masu shi, a can ya kamata a kalle shi, domin da yawan masu kallo ake biyansu. Rumbun nan na iyalinka ne, kada ya zama shagon turi na unguwa.

Abu na ƙarshe, rumbun ajiya yana mutuwa, wani lokaci ba sallama, musamman na waje da ke iya faɗowa daga tebur. Fim ɗin kasuwa ana sake samunsa, amma bidiyon auren iyayenka ko muryar kakan da ya rasu babu inda za ka sayo su. Foldar Bukukuwan Gida ta zama tana da kwafi na biyu a wani rumbu ko babban filash da ba ya jikin laftof, a ajiye shi a wani ɗaki ko gidan wani ɗan'uwa, kuma duk bayan biki ko Sallah a ɗauko shi a ƙara sababbin.